Bayit 28,500: Yadda Nake Raba Wuri a Kalkuletar Safiyo

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Kalkuletar Casio ce, fx-5800P, wadda kamfanin ya fitar a 2006, kuma har yau 'yan safiyo da masu aikin titi ba su sake ta ba. Baba ne ya bar min ita lokacin da ya ajiye aiki, da duk manhajojin da ya tara a cikinta. Wurin ajiyarta kaf bayit 28,500 ne, bayit ɗaya kuwa wurin harafi ɗaya ne. Hoto guda da ka ɗauka da waya ya fi shi nesa ba kusa ba. A wannan ɗan wurin manhajoji za su zauna, a nan kuma kodinet ɗin turaku, wato lambobin da ke nuna inda kowane turken iyaka yake, za su zauna, babu katanga a tsakani. Kamar ɗaki ɗaya ne da kake kwana a ciki kake kuma jibge buhunan masara: duk buhun da ya shiga, wurin shimfiɗa ya ragu.

Yau da na duba, abin da ya rage 6,140 ne. Manhajojin Baba sun cinye 22,360.

Aikin da ke gabana gonar gado ce a hanyar Dukku. Za a auna ta, a raba wa magada, sannan a yanka wani ɓangare fulotai. Iyakarta ta gabas kwari ne, kuma duk wanda ya san Gombe ya san kwari ba ya tafiya a miƙe, ba ya kuma tsayawa inda aka bar shi bara. Gefen nan kaɗai zai ci turaku da yawa. Idan aka haɗa da kusurwoyin fulotai, ina hasashen turke 300. So nake kalkuletar ta riƙe su duka, ta daidaita zagayen awo, ta fitar da faɗin fili, ta kuma gaya min nisa da alƙiblar da zan bi in kafa sabon turke, duk ina tsaye a gona, ba sai na dawo gari na zauna jiran wuta ba.

Ana yawan tambayata me ya hana ni amfani da waya. Ina amfani da ita. Amma idan rana ta take a daji allonta ba ya ganuwa, ta ɗauki zafi, caji ya ƙare kafin azahar. Wannan kuwa ƙaramin batir ɗaya take ci, ya daɗe yana aiki, kuma ko an cire shi manhajoji ba sa gogewa.

Laraba, 10 ga Janairu

Lissafi a takarda kawai, ban taɓa maɓalli ba tukuna.

Kalkuletar tana da guraben ajiye lamba 26 na kyauta, haruffan A zuwa Z. Mai son fiye da haka sai ya saya daga cikin 28,500 ɗin nan da umarnin DimZ. Ka rubuta 100→DimZ, ta buɗe maka gurabe ɗari, daga Z[1] har Z[100]. Farashin yana rubuce a littafin jagorar Casio: bayit 26 na buɗewa, sannan 12 kowane gurbi. Shi ya sa iyakarsu 2,372, wato idan ka bar ta fanko babu manhaja ko ɗaya, wanda ba zai amfani kowa ba.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne a ba kowane turke gurbi huɗu: lambarsa, arewa, gabas da tsayi. Turke 300 sau huɗu 1,200 ke nan, sau 12, a ƙara 26, ya zama 14,426. Fiye da rabin kalkuletar ya tafi. To lambar turke ba ta buƙatar gurbi, matsayinsa a jeri ya isa, turke na 57 yana wuri na 57. An sauko 10,826. Tsayi kuma, aikin iyaka ba ruwansa da shi. Ranar da za a yi magudanar ruwa sai a zo a ɗauki lebur daban. An sauko 7,226, kuma ban rasa abin da zan yi aiki da shi ba.

Na leƙa sauran ma'ajiyun. Akwai matiris shida, Mat A zuwa Mat F, kowanne bai wuce 10 sau 10 ba. Akwai jerin ƙididdiga, List X, List Y da List Freq, masu layi 199. Jerin yana da daɗin kallo don a tebur yake fitowa, amma 199 bai kai 300 ba. Na bar su.

Ko 7,226 ɗin ma ya fi abin da ya rage. Dole a yi shara.

Lahadi, 14 ga Janairu

Wannan kalkuleta ba ta da ramin da za a jona ta da kwamfuta. Abin da take da shi ƙaramin rami ne na waya mai suna SB-62, wadda ke haɗa ta da 'yar'uwarta. Wani abokin aiki a Tumfure yana da irinta a durowa bai cika taɓa ta ba, ya ba ni aro. Na juye komai a cikin tasa kafin in goge ko harafi ɗaya, manhajoji uku da na fi ji da su kuma na kwafe su da biro a littafi.

Daga nan na wuce gidan Baba da la'asar, domin sunayen manhajojin ba su gaya wa kowa komai.

"Baba, wannan CV3 ɗin fa? Ga CV1 da CV2 ma suna nan."

"Duk abu ɗaya ne, ɗana. Na ukun ne gyararre. Sauran na bar su ne ko wata rana."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na lanƙwasar titi, na yawan ƙasar da za a kwashe, na gangaren magudana, duk sun koma zama a kalkuletar abokina. A nan na gane dalilin da ya sa manhajojinsa ƙanana ne barkatai: yawancinsu ya rubuta su ne a fx-4800P, mai bayit 4,500, daga baya ya kwaso su nan. Da na yi ƙorafin ƙarancin wuri dariya ya yi min. Ya ce wadda ya fara gani a hannun wani babbansu HP-41C ce, ta 1979, mai gurabe 63 masu bayit bakwai-bakwai, 441 gaba ɗaya, kuma da umarnin SIZE mutum yake yanke nawa zai ba lambobi, nawa zai bar wa manhaja.

"Kai yaro, mun rufe zagaye da wannan. Ku kuna da dubu 28 kuna kuka."

Ban musa ba. Sai dai su turakunsu a littafin fili suke zaune, ni kuma so nake su zauna a ciki.

Bayan shara: manhajoji 11,900, saura 16,600.

Lahadi, 21 ga Janairu

Makon nan aski na yi wa manhajojin da suka rage. Kowane harafi ko alƙalami bayit ɗaya ne, wasu umarnai biyu, don haka dogayen saƙonnin da ke fitowa a allo su suka fara shan almakashi. Inda aka rubuta jimla guda ana neman nisa, na mai da ita harafi ɗaya da alamar tambaya. Sunayen ƙananan manhajoji ma na gajarta, tunda duk inda aka kira su da Prog sai an sake rubuta sunan cikakke. Bakan rufewa a ƙarshen layi ana iya barinsa, na bar shi.

Abu ɗaya ne na ƙi yi. Ana iya cire alamar sau a rubuta 2B maimakon 2×B, amma idan rabawa ta gabace shi, kamar A÷2B, kalkuletocin Casio ba su haɗu a kan yadda ake karanta shi ba. Wata ta fara ninka 2 da B, wata ta fara rabawa. Manhajar da aka kwaso daga tsohuwar kalkuleta za ta iya ba da wata amsa daban a sabuwa ba tare da ta ce uffan ba. Duk inda na ga irin wannan na sa baka biyu, na biya bayit ɗin.

An samu 700. Aikin ya ci ido da lokaci fiye da abin da ya bayar, idan aka kwatanta da 7,200 da suka fita ranar Laraba waccan daga cire gurabe biyu kawai.

Asabar, 27 ga Janairu

Wannan shi ne canjin da ya fi duk wanda na yi zuwa yanzu.

Kalkuletar ta iya lissafi da lambar tagwaye, wato mai ɓangare biyu, na gaske da na i, wadda muka yi a aji muka ɗauka ba za mu sake haɗuwa da ita ba. Gurbin Z ɗaya yana ɗaukarta, a kan bayit 22. Idan na sa arewa a ɓangaren gaske, gabas a ɓangaren i, turke guda ya shiga gurbi guda. Gurabe biyu 24 suke ci, wannan 22, don haka turke 300 sun dawo 6,626 maimakon 7,226. Ribar 600 ce kawai a wajen ajiya. Babbar ribar a cikin manhajoji take.

A da, idan ina neman nisa da alƙibla tsakanin turke biyu, sai in ciro lambobi huɗu, in yi ragi biyu, in kira Pol, umarnin da ke fitar da nisa da kusurwa. Kafin nan ma sai an lissafo gurbin da kowace lamba take, wannan 2K−1, wancan 2K, idan K ce lambar turke. Yanzu Z[B]−Z[A] ya gama ragin a layi ɗaya. Abs ya ba da nisa, Arg ya ba da alƙibla. Kuma saboda arewa ce a ɓangaren gaske, kusurwar da Arg ke bayarwa daga arewa take farawa ta juya gabas, daidai yadda muke karanta ta a na'urar awo. Amsarta tana tsakanin −180 da 180, idan ta fito da ragi a ƙara 360, shi ke nan. Akasin haka ma sauƙi ne: nisa da alƙibla a rubuta su L∠T, a tara da turken da aka tsaya a kai, sabon turke ya fito. Manhajar da take cin layi goma sha ta koma 'yan layuka.

Abin lura a nan: DimZ a kan 12 ake lissafa shi, lambar tagwaye kuwa 22 take ci. Wanda ya buɗe gurabe 300 ya ga saura mai yawa ya cika shi da manhajoji, zai zo tsakiyar gona wuri ya ƙare masa. Ni da 22 nake yin kasafi tun daga takarda. Na kuma ware DimZ a manhajarta ita kaɗai, wadda ake gudanarwa sau ɗaya a farkon aiki. Ba na son kowace manhaja ta taɓa yawan gurabe bayan an fara zuba awo.

Ga rabon yadda ya tsaya. Z[1] zuwa Z[20] na lambobin da ba sa canzawa da na riƙe matsayin aiki, 240. Z[21] zuwa Z[80] na zangunan zagaye, wato awon daga tasha zuwa tasha, 60 sau 22, 1,320. Z[81] zuwa Z[380] na turaku, 6,600. Da 26 na buɗewa, 8,186.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Mun shiga gona. Hunturu bai gama tafiya ba, ƙura na shiga ƙarƙashin maɓallai, don haka a cikin farar leda nake danna ta. Mai unguwa ya zo da dattawa biyu suka nuna iyaka: daga tsamiya zuwa shingen bini-da-zugu, daga nan a bi bakin kwari har tsohuwar rijiya.

Wajen sha ɗaya ɗalibin da ke koyon aiki a wurina ya miƙo min ita.

"Oga, ta gama."

"Turke nawa ta ba ka?"

"Bakwai."

Turaku 40 ne a jerin. Babu saƙon kuskure, babu komai, ta dai tsaya kamar aiki ya kammala.

Abin da ya faru karo ne tsakanin manhajoji biyu a kan harafi ɗaya. Sabuwar manhajar da ke bin turaku ɗaya bayan ɗaya da J take ƙirga. A tsakiya tana kiran tsohuwar manhajar Baba ta kafa turke, ita kuma har yanzu da Pol take aiki, Pol kuwa a wannan kalkuleta a I da J yake zuba amsarsa, nisa a I, kusurwa a J, ko ka so ko ka ƙi. Reshen da ke kiran Pol sai a turke na bakwai aka fara shigarsa. Kusurwar ta fito 143 da wani abu, J ya zama 143, manhajar ta duba ta ga ya wuce 40, ta ɗauka ta gama. Da kusurwar ta fito da ragi, da ta nemi gurbin da babu shi ta yi ihu. Sa'a ce kawai take raba tsakanin ranar da za ta faɗa da ranar da za ta yi shiru.

Wannan ya fi damuna a kan ƙarancin bayit. Idan wuri ya cika kalkuletar tana faɗa, ta rubuta Memory Full ko Memory ERROR ta ƙi ci gaba. Idan ka kira manhaja cikin manhaja har hawa ya wuce goma, ta ce Ne ERROR. Amma idan wata manhaja ta rubuta a kan lambar wata, ba ta da hanyar sani, domin haruffa 26 ɗin nan na kowa da kowa ne. Babu wadda take da nata A daban. Ko mutum da hannunsa zai iya ɓata su: ya dakatar da aiki ya lissafa kuɗin mai, ya danna M+, abin da ke M ya canza. Sakamakon kuma turke ne da aka kafa a cikin gonar maƙwabci, wanda sai bayan an zuba siminti za a gane.

Da daddare na zana taswirar haruffa a bangon littafin fili. I da J na Pol da akasinsa Rec ne, babu mai ajiye komai a can. M na hannu ne, manhaja ba ta taɓa shi. A zuwa H na babbar manhajar da ke gudana. K, L da N na ƙirga. O zuwa T na ƙananan manhajoji, kuma duk abin da ke ciki a ɗauka ya mutu da zarar sun dawo. U zuwa Z na miƙa lamba tsakanin babba da ƙarama. Duk abin da ake so ya kwana, kamar kodinet ɗin turken da aka dogara da shi ko yawan turakun da aka shigar, ba ya zama a harafi sam, sai a Z[1] zuwa Z[20]. Rubuta Z[3] ya fi rubuta C tsada, na yarda da tsadar.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na bi manhajojin Baba da taswirar a hannu, na canza haruffa inda suka saɓa. Ba a samu bayit ko ɗaya ba, an ma ƙara kusan 90. Ɗalibin ya kwafi taswirar a littafinsa.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Daidaita zagaye. Hanyar Bowditch muke bi kamar kowa: a zagaya gona a dawo inda aka fara, giɓin da aka samu a raba wa tashoshi gwargwadon nisan da aka yi kafin a iso kowace. Matsalarta wajen ajiya ita ce ba ka sanin giɓin ko jimillar nisa sai ka kai ƙarshe, don haka dole a riƙe kowane zango har a gama, sannan a sake bi daga farko.

Kusurwoyi ba su da wannan wahala. Jimillar kusurwoyin ciki ya kamata ta zama yawan tashoshi a cire biyu, sau 180. Ɗan bambancin a raba daidai wa daida, a gyara alƙibla kafin a shigar da zango.

A takardar lissafi ta gargajiya kowane zango yana da layi mai gidaje da yawa: nisa, alƙibla, bambancin arewa, bambancin gabas, gyara biyu, sannan kodinet biyu. Idan aka kwaikwayi takardar a kalkuleta, gurbi takwas ne kowane zango, bayit 96. Ni gurbi ɗaya na ba shi, 22. Zangon yana shiga a matsayin L∠T. Nisa ba a ajiye shi, duk lokacin da aka buƙace shi Abs zai sake fitar da shi, kuma daƙiƙar da za ta ɓata ba ta dame ni ba. Gyara ma ba a ajiye shi, ana lissafa shi a yi amfani da shi nan take. A bi na biyu kuma, kodinet ɗin da aka daidaita a kan zangon kansa ake rubuta shi, tunda ba za a sake neman zangon ba.

Wannan rubutu a kan na baya yana da haɗarinsa. Idan wani ya danna maɓallin AC mai katse aiki ana tsakiyar bi na biyu, rabin jerin kodinet ne, rabi zanguna, kuma da ido ba lallai ka lura ba. Idan aka sake gudanar da manhajar daga farko za ta ɗauki kodinet a matsayin zango. Saboda haka Z[7] yana riƙe lambar tasha ta ƙarshe da aka gyara, Z[8] da Z[9] suna riƙe giɓi da jimillar nisa, Z[10] nisan da aka tara zuwa nan, manhajar kuma daga inda ta tsaya take ɗorawa. Na gwada da gangan, na katse ta a tsakiya, ta ci gaba daidai. Z[8] lambar tagwaye ce, don haka bayit 10 sun ƙaru a kasafi, ya zama 8,196.

Talata, 20 ga Fabrairu

Akwai wata dabara da na gwada na ajiye a gefe, zan rubuta ta don kada ta ɓace.

Allon alƙaluma goma yake nunawa, amma a ciki da 15 take aiki. A nan Gombe, a shiyya ta 32 ta UTM, tsarin kodinet na duniya da ake aunawa da mita, lambar gabas tana wajen dubu 737, ta arewa wajen miliyan ɗaya da dubu 138. Da milimita, gabas alƙaluma tara ce, arewa goma, 19 ke nan, ba za su shiga gurbi ɗaya ba. Amma alƙaluman farko iri ɗaya ne a duk faɗin gonar. Idan aka cire 1,138,000 daga arewa, 737,000 daga gabas, muddin fili bai kai kilomita goma ba kowace ta dawo alƙaluma bakwai. Biyu 14, sun shiga.

Misali turke mai arewa 1,139,204.518 da gabas 738,061.273. Bayan ragi, 1204.518 da 1061.273. A haɗe su: 1204518.1061273. Abin da ke gaban ɗigo arewa ce a milimita, na bayan ɗigo gabas ce. Int ya ciro ta farko a raba da 1,000, Frac ya ciro ta biyu a ninka da 10,000. Bayit 12 kowane turke, turke 300 a 3,600 maimakon 6,600.

Sharuɗɗa biyu. Lambar da ake cirewa dole ta kasance kudu maso yamma da duk turakun, domin ragowa mai alamar ragi tana lalata haɗin. Sannan dole a gyara arewa ta zama cikakkiyar milimita kafin a haɗa, in ba haka ba burbushinta ya zubo cikin gidan gabas ya motsa turke da ɗaruruwa ko dubban mita.

Dubu uku ba ƙaramin wuri ba ne, amma ban ɗauka ba. Idan ɗalibin ya kira Z[120] yanzu yana ganin arewa da gabas, ya kwatanta da littafin fili. A haɗaɗɗen kuwa 1204518.106 zai gani, sauran a ɓoye. Kuma kowane lissafi sai an fara warwarewa, abin da zai ƙara kira da ƙara haruffan da za a yi karo a kansu. Tana nan a littafi, ranar da wuri ya matse.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Faɗin fili. Wannan ba ya buƙatar ajiye turaku ko kaɗan idan jimilla kawai ake so. Ana shigar da kusurwa, a ninka ta giciye da wadda ta gabata, a tara, a manta da tsohuwar. Da lambar tagwaye layi ɗaya ne, ImP na Conjg(P) sau Q, inda P ce kusurwar da ta gabata, Q sabuwa, a ƙarshe a raba biyu. Haruffa huɗu sun isa, ko kusurwa biyar ce ko ɗari biyar. Ina cire turken farko daga kowane kafin ninkawa, saboda miliyan sau dubu ɗari bakwai yana cinye alƙaluma 12 cikin 15, ya bar kaɗan a bayan ɗigo.

Da farko har na yi tunanin wannan zai ba ni damar rage jerin turaku. Zaman da aka yi yau a gindin tsamiya ya kashe tunanin. Malamai sun riga sun fitar da kason kowa, an cire tumunin takaba, namiji rabon mata biyu. Nawa aikin shi ne in mai da kason murabba'in mita, in nemo layin da zai yanke shi. Layin nan ba a samunsa sai da gwaji: a matsa shi, a sake lissafa faɗi, a sake matsawa. Kowane gwaji yana buƙatar turakun iyaka duka.

Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Na gama nuna layin farko ke nan babbar 'yar marigayin ta kira ni.

"Ɗana, idan aka bar min rijiyar nan a nawa, daga ina za a rage?"

"Daga bakin kwari, Goggo. Bari in duba."

"Bakin kwari kuma? Wanda ruwa ke ci kullum? To a rage, na yarda."

Nan take ƙaninta ya ce shi ba zai karɓi ƙarin da ke bakin kwari a matsayin ƙasa mai kyau ba, mai unguwa ya shiga tsakani, aka sake neman wani layi. Duk wannan da turaku 86 na iyaka aka yi shi, suna zaune a ciki, ban sake buga ko ɗaya ba. Jerin turaku yana nan yadda yake.

Asabar, 9 ga Maris

Saura manhaja ɗaya, kuma ita ce mai nauyi. Tsohuwar takardar gonar da ke maƙwabtaka a ma'aunin Minna aka yi ta, wanda ya dogara da siffar duniya ta Clarke 1880. Na'urar GPS ta hannu kuwa ma'aunin WGS84 take bayarwa. Bambancinsu a ƙasa mita gommai ne, ya isa ya haɗiye fuloti. Ga kuma tsarin Nijeriya na bel uku, masu layin tsakiya a digiri 4 da rabi, 8 da rabi da 12 da rabi gabas. Garin Bauchi yana bel na tsakiya, Gombe tana na gabas, alhali a UTM duk suna shiyya ɗaya. Wanda ke aiki tsakanin jihohin biyu, waɗanda har 1996 jiha ɗaya ce, yana haɗuwa da takardu iri-iri, don haka ina son manhaja ɗaya da za a ba ta layin tsakiya da ma'auni ta yi duka, ba kwafi uku ba.

Lambobinta dogaye ne, a nan ma akwai kasafi. 6378249.145 a cikin manhaja bayit 11 ne, 293.465 bakwai, 6378137 bakwai, 298.257223563 kuma 13. Gurbin Z 12 ne, ga kuɗin kiransa. Saboda haka lambar da sau ɗaya za a yi amfani da ita a rubuta ta kai tsaye, wadda za a maimaita a zuba ta a harafi a farkon manhaja, cikin A zuwa H kamar yadda taswira ta ce.

Inda aka tsaya yau: manhajojin Baba 11,290, nawa 6,210, gurabe 8,196. Jimilla 25,696, saura 2,804. A takarda manhajar juyawa ta kai wajen 2,100, kuma ba na son saura ya gaza 1,000, domin gyaran gaggawa a gona ma wuri yake so. Turakun da aka shigar zuwa yanzu 214 ne, fulotan da suka rage ba za su kai su 260 ba. Idan na rage gurabe 40 daga ƙarshen jeri za a samu 880 a kasafi, ya isa. Amma wannan taɓa DimZ ne alhali awo na ciki, don haka sai na fara juye manhajojin a kalkuletar abokina, in gwada a can, in bi turakun da littafin fili.

Ana sa ran fara azumi jibi. Fita gona za ta koma daga asuba zuwa hantsi, rubuta manhajar kuma bayan tarawi. Zan fara da juyawa daga digiri zuwa UTM a WGS84, in gwada ta a kan turakun da na riga na san amsarsu, kafin in shigo da Minna.